Sunan yanka da sunan littafi: rigimar da ta kusa kashe wani aure a Agege

Wannan lamarin a wani gidan haya ya faru a Agege, kuma sai da na nemi izinin matar da mijin kafin na rubuta, sharaɗinsu dai kar a ambaci sunan kowa, har shi sunan da aka yi rigimar a kansa, don ba suna ba ne da ake yawan ji, duk wanda ya san layin zai gane su. Toh zan dinga ce masa "sunan littafi" kamar yadda dangin mijin suka laƙaba masa, ɗayan kuma sunan yanka.

## Asalin gidan, 2021 zuwa 2022

Mijin ɗan wajen Funtuwa ne, tun yana saurayi ya shigo Legas, ya yi yaron shago har Allah ya buɗa masa ya kama nasa na shinkafa da wake da gero a kasuwar Agege. Ita kuma 'yar Zariya ce, ta gama sakandare ta yi sauka, aka ɗaura aure a Disambar 2021, Janairun 2022 aka kawo ta. Ciki da falo suka kama a irin gidajen nan masu ɗakuna jere suna kallon juna, maƙwabta kusan duk Yarabawa.

Wanda ke jin labarin Agege daga nesa zai ce ai nan gida ne, akwai Zango, akwai Sarkin Hausawa, akwai mutanen da kakanninsu ma a nan aka binne cibiyarsu. Duk gaskiya ne. Amma amaryar da ba ta fita, ba ta jin Yarabanci, miji ya fita bayan asuba sai bayan isha'i ya dawo a gajiye, ita Legas ɗinta ɗaki ne da waya.

Akwai abin da ba ta sani ba lokacin. Tun kafin biki mijin ya yi wa mahaifiyarsa alkawarin 'yarsa ta fari takwararta ce. Shi kaɗai ne ɗanta namiji, mahaifinsa ya rasu da wuri, da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa ta raine su, saboda haka shi a wajensa wannan maganar a rufe take, bai ma ga dalilin sanar da amarya ba.

## Disamba 2022 zuwa Janairu 2023: kwanciya

Ciki ya shiga wata na bakwai a Disamba. Shirin da aka yi shi ne ta tafi Zariya goyon ciki kamar yadda ake yi a haihuwar fari, a yi mata wankan jego gaban mahaifiyarta. Sai a wajen awo aka ga jininta ya hau, ƙafafu sun kumbura, likita ta ce babu maganar doguwar tafiya, kuma kowa ya san motar Legas zuwa Zariya kwana ake a hanya ana jijjiga. Aka ba ta magani aka ce ta kwanta, duk sati ta dawo a auna.

A wannan kwanciyar ne ta faɗa wani littafin Hausa na onlayin. Ga wanda bai san harkar ba, marubuciya ce take sakin labarinta feji-feji a gurup na WhatsApp, na farko-farko kyauta, in ya ɗau zafi sai a ce saura na kuɗi ne, ki yi taransifa a saka ki cikin masu biya, da daddare a saki feji mata su yi ta sharhi har tsakar dare. Tauraruwar labarin yarinya ce da aka aurar garin da ba ta san kowa ba, ta sha wuya ta yi haƙuri ba ta zubar da mutuncinta ba. Kun ga dai inda abin ya taɓa ta. Ta ce min akwai daren da kanta ke sara kamar zai tsage, tana tsoron ko ita ko abin cikin wani ba zai kai ba, ba wuta, miji na barci, abin da ya riƙe ta har asuba addu'a ce da wannan labarin da matan gurup ɗin da ba ta taɓa ganin fuskar ko ɗaya ba.

Da aka yi sikanin ya nuna mace ce sai ta fara kiran cikin da sunan yarinyar littafin. A Janairu ta gaya wa mijin tana so a sa wannan sunan. Amsar da ya ba ta, kuma shi ma bai musa ba daga baya: "Ke dai Allah ya sauke ki lafiya, duk abin da kike so shi za a yi." Ita ta ɗauka alkawari ne. Shi kuma lallashin mai hawan jini yake, an ce kar a ɓata mata rai. Littafin a lokacin ko rabi bai kai ba.

## 9 zuwa 16 ga Fabrairu 2023: haihuwa da suna

Ta haihu ranar Alhamis 9 ga Fabrairu, ana tsakiyar wahalar canjin kuɗi, washegari ne ma wa'adin da aka sa na daina karɓar tsofaffin takardun naira ke cika, ga zaɓe ranar 25 ga wata kowa na ɗar-ɗar da hanya. Daga Funtuwa har Zariya babu wanda ya samu zuwa, wata gwaggon mijin da ta daɗe a Agege ita ta tsaya a kan wanka da kunun kanwa.

Mijin ya yi wa jaririya huɗuba da sunan mahaifiyarsa, bai faɗa wa kowa ba. Ya sayi rago ta taransifa a wajen Oko-Oba. Alhamis ta zagayo, 16 ga wata, bayan sallar asuba aka taru ƙofar masallaci aka raba goro da dabino, liman ya raɗa suna aka shafa fatiha. Mai jego na ɗaki cikin mata, wani yaro ne ya shigo da farantin goro ya faɗi sunan. Ba ta ce komai ba sai kuka, matan suka ɗauka kewar gida ce suna ta ba ta baki.

Da daddare da ta tambaye shi sai ya ce: "Inna ce fa, ya kike so in yi? Ai dama ba za ki iya kiran sunan ba, ki kira ta da wancan ɗin a ɗaki." Haka al'adar take kam, in an yi wa uwar miji takwara sai a nemi alkunya, Hauwa'u ta koma Jidda, A'isha ta koma Humaira, Fatima ta koma Zahra, ko a ce Ummi kawai. Ita kuma ta ce ba alkunya ta roƙa ba a Janairu, suna ta roƙa.

Ta ci gaba da kiran yarinyar da sunan littafi, kuma a gidan hayan Legas suna ba ya zama a ɗaki. Yarabawa da sunan ɗa suke kiran uwa, kafin a yi arba'in duk gidan har masu shagon bakin layi "Mama wance" suke ce mata da sunan littafin, sunan yanka kuwa in ban da mijin da Gwaggo babu wanda ya riƙe shi.

## 23 ga Maris 2023: takarda

Ranar da yarinya ta cika sati shida, wadda ta zo daidai da ranar farko ta azumi, ta kai ta rigakafi a ƙaramin asibitin unguwa. Mijin bai je ba, mai shagon hatsi ba ya rufe shago ranar farkon azumi. A asibitin akwai teburin ma'aikacin hukumar ƙidaya ta ƙasa, su doka ta ɗora wa rajistar haihuwa, kuma dokar 1992 ta ce a yi ta cikin kwana 60. Nas ta tura ta can. Ma'aikacin ya tambayi sunan yarinya, ta faɗi sunan littafi, ya rubuta ya haɗa da na uba ya buga hatimi. Katin rigakafi ma aka cike shi da wannan sunan.

Na tambaye ta ko da gangan ta yi. Ta ce rabi da rabi. Bakinta bai taɓa furta sunan surukarta ba, ga layi ga mutane, kunya ta kama ta, amma kuma ba za ta yi min ƙarya ba, a ranta ta ji cewa tunda an yanka rago ba a tambaye ta ba toh ita ma ga inda ba za ta tambayi kowa ba. Ta ninke takardar ta saka ƙasan akwati.

## Afrilu zuwa Yuni: abin da mijin ya gwada shi kaɗai

Bayan ƙaramar sallah yana neman rasit ɗin haya ya ci karo da satifiket ɗin. Ya yi faɗa, ya karɓe wayarta na sati biyu ya fitar da ita daga gurup ɗin, a ganinsa littafin ne ya juya mata tunani. Takarda dai tana nan yadda take, maƙwabta na kiran abin da suka saba, ita kuma ta koma daga "sannu da zuwa" sai "ga abinci". Sannan ya ce maganar ta tsaya tsakaninsu kar kowa ya ji, ko Gwaggo.

A watan Mayu wani abokinsa ya haɗa shi da irin mutanen nan da ke tsayawa bakin kotu suna tare masu shiga, ya ba shi kuɗi da sunan da yake so, bayan kwana biyu aka kawo masa takardar rantsuwa da hatimi a kai. Ya ɗauka shikenan an gama. Ba a gama ba, don takardar rantsuwa shaida ce kawai ta abin da ka faɗa, ba ta shiga rajistar hukuma da ƙafarta ta goge abin da ke ciki, sai ka ɗauke ta ka kai musu. Ƙari a kan haka wanda ya buga ta ba Bahaushe ba ne, yadda kunnensa ya ji ya rubuta, harafi biyu ba daidai ba. Yarinya 'yar wata uku ta tashi da suna iri uku, biyu a takarda ɗaya a bakin liman.

## 28 ga Yuni: babbar sallah a Funtuwa

Wata ɗaya kenan da cire tallafin mai, kuɗin mota ya yi sama amma ya daure suka tafi, don Inna ba ta taɓa ganin takwararta ba sai a bidiyo. Kwana biyun farko lafiya lau. Inna ta ji sunan da ake kiran yarinyar ta ɗauka alkunya ce irin ta 'yan zamani. Ƙanwar mijin ta gane sunan tun ranar farko don ashe ita ma tana karanta littafin, amma tsokana kawai ta yi ta wuce.

Rana ta uku yarinya ta tashi da zazzaɓi, za a kai ta asibiti aka ce a ɗauko kati, ƙanwar ce ta riƙe shi. Ita ta riga ta karanta kashi na biyu na littafin wanda matar ba ta samu ba saboda an fitar da ita daga gurup ɗin, inda tauraruwar nan mai haƙuri ta juya ta shiga bin bokaye don ta fitar da kishiya. A tsakar gida gaban kowa ta karanta katin da ƙarfi, ta ce babu sunan Inna a nan, sunan wata mai bin boka ne a littafi.

Inna ba ta ɗaga murya ba. Ta ce wa ɗanta: "Ashe sunan nawa a wuyan rago ya tsaya. Ni ban roƙe ka ba, kai ka ce za ka yi." Ta shiga ɗaki. Shi kuma ya juya kan matar a gaban 'yan uwansa. Washegari ta goya 'yarta ta hau motar Zariya, ya koma Legas shi kaɗai.

## Yuli da Agusta: yaƙin odiyo

Wata biyu abin da aka yi kenan, tura-tura a gurup ɗin dangi. Wani ɗan uwan mijin ya aika wa wani malami tambaya, wai mene ne hukuncin matar da ta cire sunan matar Annabi ta sa wa 'yarta sunan fasiƙa. Malamin abin da aka tambaye shi ya amsa, aka yanko minti ɗaya aka watsa. Dangin matar su ma suka nemo nasu, aka turo ayar Ali Imrana inda mahaifiyar Nana Maryam ta ce ita ta sa mata suna Maryam, wai hujja ce uwa ma tana sa suna. Babu wanda ya matsa ko taku ɗaya.

Mahaifin matar ya ce ta koma ɗakinta, ta ce za ta koma in ya zo da babba an zauna. Mijin ya turo kuɗi, ya turo abokinsa biko, shi dai bai zo ba don ya san in aka zauna maganar Janairu za ta fito. Har wasu sun fara ba shi shawarar ya aika mata da takardarta.

## Satumba: Gwaggo da liman

Gwaggo sai ƙarshen Agusta ta ji cikakken labari, ita da layi uku ne tsakaninta da su. Ƙanwar mahaifinsa ce, ta fi shekara 30 a Agege tana sayar da atamfa da turaren wuta. Ta fara kiran matar a waya ita kaɗai, ba ta tambaye ta takarda ba, ta ce: "'Yar nan, gaya min tun daga ranar da likita ta kwantar da ke." Daga nan ta kira ɗan wan nata ta yi masa tambaya ɗaya, ka ce mata duk abin da take so za a yi ko ba ka ce ba? Ya ce ya ce. Ta ce toh gobe bayan la'asar mu je wajen liman, kuma da bakinka za ka faɗa.

Limamin da ya raɗa sunan ne. Ya saurara har ƙarshe sannan ya ce magana uku kuka cakuɗa. Ta farko, shi sunan ya halatta ko bai halatta ba. Ya ce shari'a ba ta ce dole sai sunan annabi ko sahabi ba, su ne dai suka fi, abin da aka hana shi ne sunan da ke nuna bauta ga wanin Allah, ko wanda ya keɓanta da Allah, ko mai mummunar ma'ana, ya kawo yadda Annabi (SAW) ya canja wa 'yar Sayyidina Umar suna daga Asiya mai nufin mai saɓo (ba irin na Asiya matar Fir'auna ba) zuwa Jamila, ya canja Barra zuwa Zainab. Ya ce halin wata da marubuciya ta ƙaga ba ya bin jaririya, amma me sunan yake nufi? Daga mijin har matar da ke kan waya babu wanda ya sani, wata bakwai ana rigima a kansa.

Matar ta tura wa marubuciyar saƙo, ta amsa da gaskiyarta cewa farkon sunan wata 'yar gidansu ta haɗa da ƙarshen na wata don ya yi daɗin faɗa. Liman ya duba bai ga mummunar ma'ana a Larabci ba. Gwaggo ta ƙara nata, ta tambayi wata tsohuwar Bayarabiya a gidan ko sunan ya yi kama da zagi a Yarabanci tunda a nan yarinyar za ta yi makaranta, Iya ta ce babu, har tana mamakin ana faɗa a kan suna biyu alhali su ranar suna kaka da kawu kowa nasa yake sa wa yaro. Liman ya ce ba haramun ba ne, amma shi ba zai so ya zama shi kaɗai ne sunanta ba tunda ba shi da tushe.

Ta biyu, wa ke da haƙƙin sa suna. Ya ce in iyaye suka saɓa wa juna, maganar uba ake bi, haka Ibnul Ƙayyim ya kawo a Tuhfatul Maudud, sunan da aka raɗa ya zauna. Sai ya juya ga mijin ya ce amma kai alkawari biyu ka yi a kan abu ɗaya, ka cika ɗaya ka yi shiru da ɗaya, ka nemi yafiyarta. Ita ma ya ce ta nemi yafiyar mijinta da surukarta a kan takardar da ta yi a ɓoye, kuma babu abin da ya hana mutum suna biyu. Ta uku takarda, ya ce wannan ba aikin malami ba ne, ku je ofis.

Saura Inna. Gwaggo ba ta yarda da waya ba, ta hau mota ta je Funtuwa. A can aka gano Inna ba ta taɓa sanin surukarta ta yi wata biyu a kwance da hawan jini ba, ɗanta ya ɓoye mata wai kar hankalinta ya tashi. Ita a saninta yarinya ce ta ƙi zuwa goyon ciki don daɗin Legas sannan ta raina sunanta. Da ta ji sai ta ce: "'Yar mutane tana kwance ita kaɗai ba a gaya min ba?" Ba ta ce sunan ya yi mata ba, har yau ma ba ta ce ba. Ta dai ce in nata ne a gaba a rubuce, abin da ya biyo baya ba ruwanta. Mijin ya je Zariya da kansa tare da Gwaggo da wani kawunsa, ƙarshen Satumba matar ta dawo Agege.

## Oktoba 2023 zuwa yanzu

Tsarin da aka tsaya a kai: sunan yanka farko, sunan littafi a tsakiya, na uba a ƙarshe. Wannan karon su biyu suka je. Ya shiga kotu da kansa ya yi rantsuwa, matar ta rubuta harufan sunan a takarda aka kwafa, suka haɗa da tsohon satifiket da katin rigakafi suka kai ofishin hukumar ƙidaya. Ya ɗau 'yan makonni kafin aka ba su wanda aka gyara. Katin kuma nas ta gyara shi a zuwan wata tara, ranar allurar ƙyanda.

Sa'ar da suka ci ba a riga an yi wa yarinyar NIN, lambar shaidar ɗan ƙasa, ba. Lambar yaro a kan takardar haihuwa ake gina ta, kuma tun 2021 ba a rajistar JAMB sai da NIN, fasfo ma haka. Duk wanda ya taɓa ganin ɗalibi na yawo ofis-ofis saboda sunansa na makaranta ya saɓa da na NIN da harafi ɗaya ya san abin da aka kauce wa.

Yanzu a gida da layi sunan littafi ake kiranta, Inna "takwara" take cewa, a makaranta malamai sunan yanka suke kira don shi ne a gaba a rajista, duka tana amsawa. Matar ta karanta kashi na biyu daga baya, ta ce ta yi kwanaki tana jin nauyin sunan a bakinta, amma ita wadda ta sani ita ce ta watan Disamba. Ta ce da yanzu ne da ta jira labarin ya ƙare.

## Yadda nake ganin abin

Ni a wajena kaso mafi girma na mijin ne, kuma ba don ya sa sunan mahaifiyarsa ba, wannan ta cancance shi wallahi. Laifinsa duk inda magana mai nauyi ta taso sai ya zaɓi shiru ko kalma mai daɗi, ya ɓoye wa matar alkawarin Inna, ya ɓoye wa Inna ciwon matar, ya ɓoye wa Gwaggo takarda, kowa da rabin labarin da ke hannunsa ya yanke hukunci. Ban raina tsoron da ya ji a Janairu na kar jininta ya ƙara hawa ba, amma yana da sati guda cur tsakanin haihuwa da suna da zai iya cewa na riga na yi wa Inna alkawari, naki zai zo na biyu.

Ita kuma teburin rajista ne inda ta ɓata. Fushinta na da dalili, amma takardar ta yarinyar ce, ita za ta ɗauke ta zuwa jarabawa da filin jirgi, ba wajen rama gayya ba ne.

Karɓe waya da odiyon malamai sun faɗi ne don littafin suke yaƙa, alhali abin da ke ƙarƙashin sunan wata biyu ne na tsoro da kaɗaici da babu wanda ya tambaye ta a kai sai Gwaggo a watan Satumba. Shi ya sa hanyarta ta ci, daga can ta faro, ta sa aka gaya wa malami ɗaya labarin duka maimakon guntu, kuma ta je gaban Inna da ƙafarta.

Shi sunan labari a karan kansa ba na cikin masu ganin rashin tarbiyya ne, mutane sun daɗe suna ɗauko suna daga fim da littafi, wasu ma sunaye ne masu kyau da asali. Amma ina tare da liman cewa kar ya tsaya shi kaɗai, musamman in ba a san ma'anarsa ba kuma labarin bai ƙare ba, marubuciya na da ikon ta mai da tauraruwarta duk abin da zai sa a ci gaba da biyan kuɗin feji, ba ta san akwai jaririya a Agege da ke ɗauke da sunan ba.

Abin da har yanzu yake min ciwo a sulhun nan, kowa an sa shi ya ba da haƙuri ban da ƙanwar mijin da ta karanta kati a tsakar gida. An ce yarinya ce a bar ta. Ba yarinya ba ce, da aurenta da 'ya'yanta biyu, kuma ta san za ta iya jan yayanta gefe ta nuna masa. Har yau tsakaninta da matar gaisuwar sallah ce kawai, Gwaggo ta ce min in Allah ya kai mu zuwanta Funtuwa na gaba wannan maganar za ta tayar.